Ranar da na shafa wa kaji janbaki

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Lokacin ina koyar da darasin noma a wata firamare a Makera, kuma ba ni da buri kamar in ga makarantar ta mallaki akurkin kaji na kanta. Na gaji da zana kaza a allo (kazar da yara ke cewa ta fi kama da buta).

Sai ga dama ta samu. Sabon kansilan mazaɓarmu ya aiko cewa zai zagaya makarantu, duk wadda ta nuna masa abin a zo a gani zai tallafa mata. Na sami hedimasta na ce ya bar mini komai. Ina da kaji shida a bayan gida, zan kawo uku in yi bayani a kansu, kansila ba zai fita ba sai da alkawarin akurki a bakinsa.

Saura mako guda na lura zankon kajin, wato jan naman nan da ke tsaye a kansu, ya koɗe. Da ja ne jawur, yanzu ya koma fari-fari, ya yi yaushi ya kwanta gefe. Ƙwai ma sun ɗauke.

Maƙwabciyarmu Mama Talatu, mutuniyar Kagoro wadda mijinta ya yi ritaya daga masaƙa a Kakuri, ta leƙo ta kan katanga ta daɗe tana kallonsu.

"Ticha, kajin nan naka jini ya ƙare musu. Ɗaga fiffikensu ka duba."

"Canjin yanayi ne kawai, Mama," na ce mata.

(Ni da takardar shaidar koyar da noma a rataye a falo, a ce tsohuwa ce za ta koya mini kaza? Haka na raya a zuciyata, Allah ya yafe mini.)

Ban zauna ba fa. Na cuɗa musu dusa da manja, na jiƙa jan barkono a ruwan shansu, har tumatir na yayyanka musu wai ko ja zai jawo ja. Zanko ya ce bai san zancen ba. Ni kuma na rantse ba zan koma wa hedimasta da "a yi haƙuri" ba.

Ranar Alhamis da safe, matata Binta tana kicin, idona ya faɗa kan janbakinta a gaban madubi. Ban yi dogon tunani ba, na sa shi a aljihu na zagaya baya. Ku sani kaza ba ta son kwalliya. Sai da na sha yagushi a hannu biyu kafin na gama da ukun. Amma da na ja baya na dube su, wallahi ko a littafi ban taɓa ganin zanko mai kyau haka ba.

An ce kansila zai iso ƙarfe tara, sai sha ɗaya da rabi ya iso. Duk tsawon lokacin kajina suna cikin kwando a rana. Ya fito daga mota cikin babbar riga fara sol, sabon ɗinki, ga magoya baya, ga mai hoto. Yara suka yi waƙar maraba, hedimasta ya yi jawabi, aka kira ni.

Na ɗaga kaza ɗaya sama na gyara murya.

"Honarabul, mai kiwo na gari daga zanko yake karanta lafiyar kaza. In ya yi ja ya cika, tana cikin ƙoshin lafiya, tana ƙwai. In ya koɗe, ko ta daina ƙwai ko wani abu na shan jininta. In ya yi duhu kamar shuni, numfashi ne ke wahalar da ita, a gaggauta neman magani. Wannan kuwa, ranka ya daɗe, ka ga irin kulawar da muke bayarwa."

Aka yi tafi. Kansila ya ji daɗi har ya ce a ba shi ita ya riƙe a ɗauke su hoto. A nan ya kamata in ƙirƙiro wani dalili, amma daɗin tafi ya riga ya hau mini kai. Na miƙa masa.

Ya rungume ta a ƙirji. Mai hoto yana cewa a yi murmushi, ita kuma ta shiga mutsu-mutsu tana goga kai hagu da dama. Kafin a raba su, gaban rigar nan ya yi ja layi-layi tun daga wuya har aljihu. Wani cikin magoya baya ya ce jini ne, a kawo ruwa. Wata abokiyar aikina, Misis Rifkatu, ta matso ta lakata da yatsa, ta murza, ta sunsuna.

"Ba jini ba ne," ta ce a hankali, amma kowa ya ji. "Janbaki ne. Ina da irinsa."

Kazar tana hannuna, zankonta rabi ja rabi fari. Kansila ya dubi rigarsa, ya dube ni.

"Malam, shiga mota. Kai za ka yi wa matata Hajiya bayanin yadda janbaki ya hau ƙirjina, don in na ce kaza ce ba za ta yarda ba."

Dariya ta ɓarke, har hedimasta sai da ya dafa tebur. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maganar akurki kuwa babu wanda ya sake tayar da ita.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Binta ta tare ni da janbakin a tafin hannu, da ɗan gashin kaza manne a bakinsa. "Malam, da ka tambaye ni, da na ba ka wanda ba ya narkewa a rana."

Da la'asar na tattara ragowar mutuncina na yi sallama a gidan Mama Talatu. Ba ta yi mini dariya ba (ta dai juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunta na rawa). Ta biyo ni ta ɗaga fiffiken kaza ɗaya, sai ga ƙuma baƙi ƙirin sun yi dandazo. Muka ƙone tsohuwar ciyawar akurki, muka zuba toka inda suke birgima, na sayo hodar ƙwari da maganin tsutsa a shagon magungunan dabbobi. Kullum kafin in tafi aiki sai na duba su ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan makonni zanko ya miƙe ya yi ja da kansa, ƙwai suka dawo.

Akurkin makaranta ma sai da na gina shi, da guntayen katako da tsohon kwano da iyayen yara suka kawo. Sunan Malam Janbaki ne dai na kasa kankarewa. Har yau in na shiga kasuwa, wani ƙato mai gemu cikin tsofaffin ɗalibaina sai ya rusuna ya gaishe ni da shi.

Abin da na koya shi ne cuta ba ta jin kwalliya, magani take ji. In kuma shaiɗan ya rinjaye ka ka yi algus, to kada ka miƙa wa mai fararen kaya.