Ƙamusun Malam Sodangi Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da fari ya hana shi ko ɗigon hawaye, Malam Sodangi na Kurawa, tsohon malamin firamare, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, daga Sabon Birni har Isa, rasuwar amininsa, babban Ƙamusun Turanci mai jan bango. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a bakin akuya.

Marigayin ya zo Kurawa daga Sakkwato ɗaure a bayan keke. Tun daga ranar Malam ya daina kiran abu da sunan da uwarsa ta koya masa. Kullum da safe, mutane na fita duban gabas ko hadari zai taso, shi kuwa yana gindin itacen bedi, yana lasar yatsa, takarda na fal-fal. Kalmar da ba ta cika baki ba, Malam ba ya ɗauka. In ya haddace wata, sai ya sauke ta a kan duk wanda tsautsayi ya fara kawowa. Matarsa Zulaihatu ta sha "inkorijibul" har ta ɗauka kirari ne.

An shaidi marigayin da haƙuri. Ya yi aikin matashin kai, ya taɓa kashe kunama, kuma a duk gidan shi kaɗai ne bai rame ba.

Ciwon ajalinsa ya soma ne bayan damina ta sake wucewa ba ruwa. Rumbuna sun zama kango, mata na tonon gidan tururuwa don neman tsaba. Sai ga wata Baturiya mai rabon hatsin agaji, da babbar mota a bayanta, tana bin ƙauyuka ta ga inda abin ya fi tsanani. Mai gari Ibrahima ya kama hannun Malam ya ce, "Sodangi, ga ranakka ta zo. Hwaɗa mata yunwa na kashe mu, shi ke nan."

Malam ya san kalmar yunwa da Turanci sarai, amma ya ga ta 'yan aji ɗaya ce, ba za ta fito daga bakinsa a gaban Baturiya ba. Ya gyara hula, ya matse marigayin a hammata, ya shiga zuba: "katastirofik", "anfiresidentad", "magnanimos". Inuwa ta tashi daga kan jama'a, bai dire ba. Baturiya ta yi ta gyaɗa kai, a ƙarshe ta yi murmushi ta ba shi hannu. Da alama ta yanke cewa garin da ke da ƙarfin irin wannan jawabi zai iya jira. Mota ta juya ta kama hanyar Isa da buhunanta.

Mai gari ya ce, "Mi ta ce?"

Malam ya ce, "Ta ce Turancina ya hi nata."

Daga nan jikin marigayin ya rikice. Zulaihatu ta fara zare masa shafuka tana hura wuta, Malam na cewa iska ce. Ranar Laraba ya tafi neman dusa, ya bar majinyacin a kan tabarma. Akuyar maƙwabciyarsu Uwa, dabbar da rabonta da ɗanyen ganye har ta manta, ta shigo dubiya. Maganarsa ta ƙarshe da aka jiyo ita ce ƙuras-ƙuras.

Ya bar bangonsa na baya, da 'yan shafukan ƙarshe waɗanda Malam bai kai gare su ba. Ya bar marayun kalmomi masu yawa a bakin Malam, har yau ba a sami mai riƙo ba. Akuyar tana nan lafiya, washegari ma an tatsi nono, kuma wannan ne amfanin farko da Kurawa ta ci daga marigayin.

Za a binne abin da ya rage yau bayan Azahar, a bayan rumbun Malam. Babu gumbar sadaka, kowa ya san dalili. Mai zuwa ya zo da ruwan shansa, a kuma yi gaisuwa da Hausa. Malam ya nemi ya yi ɗan jawabi a bakin rami. Mai gari ya amince, amma ya sa a ƙara wa ramin faɗi.