Yadda Babbar Rigata Ta Ɗauke Wa Isufu Wuta

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandamali a Riyad sanye da babbar riga ba. Ko na so in manta ma, Bala mai ganga ba zai bar ni ba.

Mu uku ne a ƙungiyarmu ta kiɗan rok. Ni ne mai gita (da rana gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi, shi ya sa ake ce min Injiniya, ban kuma taɓa hana kowa ba). Bala ma'aikacin jinya ne, ɗan Jos. Sai Isufu, direba daga Damagaram, shi ke waƙa: baiti ɗaya da Turanci, na gaba da Faransanci, kuma idan ya ɗaga murya sai tsigar jikinka ta tashi. Shekara huɗu muna gwaji a wani ɗaki a unguwar Batha, mun cusa wa babbar ganga matashin kai don kada maƙwabta su kai ƙararmu wurin mai gida. Daga baya aka fara kiranmu walimar abokai, sai wani gidan abinci na 'yan Filifin. Ba yabon kai ba, wallahi mun iya.

Ana nan sai kafil ɗin Isufu, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, takardar izinin zama ke nan. Saura mako uku ya tattara ya koma gida. Akwai wani mai gidan wasa a Yamai da ya ce zai iya ɗaukarsa aikin waƙa, amma sai ya ga bidiyonsa a gaban jama'a tukuna. Allah da ikonsa, a daidai lokacin aka gayyace mu wasan Sallah a wani rukunin gidajen baƙi da ke Nasiriya, da dandamali na gaske da manyan lasifikoki. Daga wannan wasa babu wani kafin jirginsa ya tashi.

Mun yi shawara kowa zai sa baƙar riga mai gajeren hannu. To, ni kuma an aiko min da sabuwar shadda daga Kano, ta sha aiki, ta sha sitaci. Ranar Sallah, a bar ta a akwati? Haba!

"Baban Amira, da wannan za ka kaɗa gita?" in ji matata, wadda muka ɗora wa ɗaukar bidiyon.

Na ce, "Ke dai riƙe waya da kyau, yau za ki ga aiki."

Bala da ya gan ni sai ya riƙe baki. "Injiniya, ɗaurin auren wa za mu je?" Isufu kuwa hankalinsa ba ya nan, cewa kawai ya yi, "Bar shi, mafi mushkila, ba matsala. Yalla, mu hau."

Waƙa biyu na farko lafiya lau. Na naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ina juyi, Turawa da Larabawa sai ɗaukata hoto suke yi, kaina kuwa ya kumbura ya cika hula. Sai muka shiga ta uku, wadda Isufu ya rubuta wa mahaifiyarsa, ita ce kuma za a aika Yamai. Akwai wurin da kowa ke sassautawa a bar gita ita kaɗai. Na tako har bakin dandamali, na lumshe ido, na karkace. Kawai sai hannun rigar ya zame daga kafaɗata ya lulluɓe tsirkiyoyin, gitar ta koma kuka kamar akuya a cikin buhu.

Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ya san abin da ake yi. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi aikinsa: na yayibo ta, na watsa ta baya da ƙarfi irin na Alhajin da zai shiga mota. Ashe sandar makirufon Isufu na bayana. Rigar ta fyaɗe ta, ta kife, ta fizgo wayar da ta haɗa duk kayanmu da wuta. Komai ya yi ɗif. Hulata ta gangara har gaban wata Baturiya, ni kuwa don ruɗewa na duƙa na ce wa sandar "sannu" (Bala ya rantse har sau biyu na faɗa).

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kashe wa bawan Allah damarsa saboda shadda.

Isufu ko kallona bai yi ba. Ya matso gaba, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ci gaba da baitin Faransancin da muryarsa tsura. Bala ya bi shi a hankali, tunda ganga ba ruwanta da lantarki. Mutane suka fara tafi suna bin kiɗan, wata mata 'yar Senegal ta miƙe tana hawaye. Ni ina tsaye da matacciyar gita a wuya, nima idona ya cika, don ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da Isufu a wannan lokaci ba.

Da muka sauka na ba shi haƙuri, na roƙi a yanke wurin kafin a aika. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Injiniya, haka zai tafi." Bayan kwana biyu amsa ta zo. Mutumin Yamai ya ce a gidan wasansa ma ana ɗauke wuta, kuma ya daɗe yana neman mawaƙin da ba ya tsayawa idan an ɗauke. Yanzu haka Isufu can yake waƙa duk ƙarshen mako.

Ni kuwa na koyi darasina, ko da yake bai yi min daɗi ba. Shekara huɗu ina ganin ni ne jigon ƙungiya, ashe a cikin mu uku ni kaɗai ne ba a jin ɗuriyata sai an jona ni da soket.