Takardar Kaduna a Cikin Langa

"Sannu da gida, tsohuwa."

"Yauwa, mai gidan. An taso daga ofis? Ina cefane?"

"Cefane ya zo tun Lahadi, kin jera shi a ɗaki kina kallo."

Kulu ba ta ɗago ba. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, jikanta Barau kuwa ya jefar da jakar makaranta a kan tabarma ya miƙe ƙafafu kamar wanda ya yini yana huɗa. Shekararsa goma sha biyu. 'Ya'ya uku uwarsa ta binne kafin shi, don haka ranar da aka yaye shi Kulu ta goya abinta ta taho da shi Wurno, ba ta nemi izinin kowa ba.

Cefanen da yake faɗa kwali ne guda da Ɗanbala direba ya sauke musu daga Kaduna. Uban Barau ne ya aiko, Salihu, ɗan Kulu na fari, wanda yake aiki a masaƙa, kuma kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka same shi a bana. Akwai sabulun wanka, da garin sabulu, da bular wanki, da man shafawa, da fitilar ƙwai, da littattafan yara uku masu hotuna. A can ƙasa kuma akwai takalmi sabo, da 'yar akwatin kwano, da takarda a ambulan. Kulu ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta san ba a aiko wa yaro akwati don ya zauna. Ta ɗauke takardar ta sa a langa, ta mayar da murfi, ta maida langar cikin jeren kwanukanta. Yau kwana uku ke nan.

"Sabulun ma kin ƙi wanka da shi," in ji Barau.

"In yi wanka da shi wa zai shaƙa? Kai da hancinka kullum a toshe?"

"Awaki. Tun shekaranjiya suke shawarar kai ƙara wajen Mai Unguwa."

"Ni kake faɗa wa haka? Ni da aka yi wa kalangu kwana bakwai ranar da aka kawo ni garin nan. Tun daga Gwaram samari suka biyo ni a ƙafa suna kuka."

"Rakiya ce. So suke su tabbatar kin tafi."

"Kakanka raƙumi ya bayar."

"Na ji labarin. Wai raƙumin ne ya ce gara shi ya je Gwaram da ya zauna gida ɗaya da ke."

Kulu ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Ya kauce, ya zaro ɗaya daga cikin littattafan daga jaka.

"Matso ki ga boko, ko Allah zai sa ki waye kafin in sake ki."

"Ka sake ni ka auri wa? Wandonka ɗaya, shi ma ni na yi masa faci."

Duk da haka ta leƙa. Zomo ne a shafin, sanye da wando, yana tuƙa keke.

"Yanzu gwamnati ta gina muku ɗaki da rufin kwano, ta ɗauko malami tun daga Kano, don ku zauna kuna kallon zomo da wando? Ni a gona nake ganinsu kyauta, kuma tsirara."

"Wannan zomon ya fi ki karatu."

"Ya fi ka abin hawa dai."

Barau ya yi dariya. Sai ya juya littafin zuwa bangon ciki, ya ɗora yatsa a kan wani rubutu na alƙalami.

"Baba ya yi rubutu a nan."

Hannun Kulu ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ya ce, Barau, ka karanta wa Inna takardar da ke cikin kwali."

"Wace takarda?"

"Ita nake tambaya."

"Akuya ta cinye."

"Wacce?"

"Jar."

"Jar da kika sayar tun kafin azumi?"

"To, da ita na hura wuta."

"Ke? Ke da kike adana kwalin ashanar da ya ƙare? Gwangwanin madarar da aka sha ranar sunana yana nan ƙarƙashin gadonki."

"Ɗanbala ne ya yar a hanya. Ka san tuƙinsa."

"Shi ke nan. Ranar Lahadi in tare shi a tasha, in ce ya gaya wa Baba saƙo bai iso ba. Sai Baba ya taso da kansa."

Kulu ta dubi yaron da kyau. In Salihu ya zo da kansa ya durƙusa a gabanta, ba ta da bakin magana. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu.

"Ɗan banza mai kan tulu," ta ce. "Tashi ka duba cikin..."

"Langa ta uku daga sama. Sau goma kike buɗe ta a yini, kuma ba tuwo a ciki."

Ya shiga ya ɗauko. Ya farke ambulan, ya buɗe takarda, falle biyu cike da rubutu. Bai karanta a fili ba tukuna. Leɓɓansa ne kawai suke motsi, Kulu tana binsu da ido kamar za ta tsinci maganar a can. Ya gama falle na farko, ya shiga na biyu, ya daɗe a ƙasansa. Sannan ya ninke takardar.

"Yana gaishe ki. Ya ce suna lafiya. Ya ce a gaida Malam Dabo."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Leɓenka ya yi tafiya daga nan har Surko, ka dawo mini da gaisuwa?"

"Haka boko yake. Rubutu da yawa, magana kaɗan."

"Wancan na Kaduna ko gaisuwar Salla a kalma biyu yake yinta. Me ya cika falle biyu da shi?"

"Ya ce ki rage goro. Ya ce ƙwan zabin da kike ɓoyewa a tukunya nawa ne. Ya ce in kika sake kai ƙarata wajen malaminmu a sayar da ke a sayi jaki."

"Jakin zai iya yi maka tuwo?"

"Ba zai fi naki gudaji ba."

Bakin yana zolaya, amma idon yana kan tabarma. Kulu ta san wannan kallon. Ta kuma san abin da ta gani jiya da yamma, lokacin da yake zaton ta shiga maƙwabta: ya sa sabon takalmin yana kai da kawowa a bayan rumbu, ƙirji a gaba, yana gaida mutanen da ba su nan. Da ya gama ya goge ƙasan takalmin da bakin rigarsa ya mayar cikin kwali. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kwana tana jin haushin takalmi.

"Barau."

Ba kasafai take kiran sunansa haka ba. Ya ɗago.

"Karanta mini abin da ubanka ya rubuta. In ka tsallake layi, Allah yana gani, ni ma ina ganin kunnenka yana rawa."

Ya sake buɗewa. Ya karanta a hankali. Salihu ya samo masa gurbi a wata makaranta kusa da masaƙa. Ɗaki ya ƙaru, albashi ya ƙaru, uwarsa kuma tana ta maganarsa. Bayan Babbar Salla a haɗo shi da Ɗanbala. Daga nan muryar yaron ta yi ƙasa.

"Ya ce, amma sai in Inna ta yarda. In ba ta yarda ba, a bar maganar, ba zan sake tayar da ita ba."

Kulu ta mayar da ido kan ƙwarya. Kwana uku tana tanadin abin da za ta ce: ciwon gwiwa, nisan rijiya, gonar da ba mai kai mata abinci. Ashe ba a buƙatar ko ɗaya. Kalma guda ta isa, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi. Ta ga wayon ɗan nata sarai. Da ya yi umarni, da ta sami abin yin faɗa da shi har shekara ta zagayo. Sai ya miƙo mata maganar gaba ɗaya ya koma gefe, don ya san wadda ta haife shi.

"Ni ba inda za ni," in ji Barau. "Wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Ruwan da rabinsa yake zubewa a hanya? Ciyawar bakin rijiya ce za ta yi kewarka."

"Wa zai kunna miki fitilar? Ke da kike tsoron ƙwan zai fashe."

"Shekara sittin ina ganin gabana da aci-balbal."

"Mutanen Kaduna ba su iya tuwo ba."

"Ɗazu nawa gudaji ne."

"Na saba da gudajin."

Nan ne abin ya so ya fi ƙarfinta. Ta sunkuya ta hure ɓawon da ke cikin ƙwarya, ta daɗe tana hurewa, har bayan ɓawon ya ƙare.

"Yago takarda a littafin rubutunka," ta ce. "Ɗauko alƙalami."

Ya ɗauko, yana kallonta.

"Rubuta. Ka ce masa na ga kaya, an gode. Ka ce mijin nan da ya bar mini shekara goma, ba cefane, ba zanen Salla, sai ci da musu, na gaji. Na sake shi. Ya aiko a kwashe."

"Mace ba ta saki, tsohuwa."

"A gidan nan tana yi. Rubuta."

Ya rubuta. Yana ƙoƙarin ɗaure fuska, bakin yana ƙi.

"Shi ke nan?"

"Ka ce kada a ba shi kunu da sanyi, yana tayar masa da tari. Ka ce ba ya cin kuɓewa ɗanya, sai busasshiya. In ya ce ya ƙoshi ƙarya yake yi, a ƙara masa. In ya yi shiru da yawa a taɓa goshinsa, ba ya faɗa in zazzaɓi ya kama shi. Ka ce uwarsa ta riƙa duba bayan kunnensa, don wankansa na agwagwa ne. Ka ce duk hutu a sa shi a mota, ba don ina son ganinsa ba, don gyaɗa ba ta ɓare kanta."

"Wannan wace irin takardar saki ce? Alƙali zai kore ki."

Kulu ta fashe da dariya, har ta kai bakin zane ido.

"Kai dai rubuta, mai kan tulu. Ka ce kuma yana tsoron..."

"Ba na tsoron komai."

"Ka ce yana tsoron tsawa. A bar shi ya kwana kusa da mutane."

Barau ya tsaya, alƙalami a sama. Sannan ya sunkuya ya rubuta, bai yi musu ba.

"Takardar ta cika, Kaka."

"Yago wata," in ji Kulu, ta jawo ƙwaryar gyaɗa gabanta. "Ban zo kan ƙafarka ta hagu mai faso da hunturu ba tukuna."