Nomau da Furen Gwaggo Tabawa

Gwaggona Tabawa ce ta ba ni labarin Nomau, ƙanen mijinta. Su uku ne a gidan: ita, da mijinta Malam Ilu, da Nomau, ƙato da gemunsa, wanda in ka ce masa tsaya, to tsayen ke nan har ka dawo. A bayan ɗakinta akwai wani fure ruwan goro da 'yarta marigayiya ta kawo daga Jos. Ya buɗe da safe, ya yi yaushi da yamma, gobe wani ya fito. Malam Ilu ya tsane shi. "Abin da ba ya shiga miya, ya tare mini wurin barkono!"

Wata rana Gwaggo za ta gidan suna, ta ce, "Nomau, ka riƙa ba furen nan ruwa har in dawo." Hira ta yi daɗi, sai la'asar ta dawo. Ta tarar randa ƙaf, tulu ƙaf, har butar Malam. Ranar a maƙwabta Malam ya yi alwala.

Wata rana ta ce, "Kada akuya ta shigo gidan nan." Sai ga Malam daga kasuwa da akuyar da ya sayo. Nomau ya tare ƙofa. "Yaya, kai shigo. Ita ta tsaya."

Wata rana Malam ya ƙule da furen, ya miƙa wa Nomau fartanya. "Tone shi kaf, ka ba duk mai so!" Gwaggo ta ce, "Sai dai ku haɗa da ni ku tone." Nomau ya kewaye ta, ya tone. Ya bi gida gida yana tambaya, "Kina so?" Wadda ta ce e, ya ɓantara mata saiwa. Da saura ɗaya ya dawo. "Tabawa, kina so?" Ta share hawaye ta ce, "Ina so." Ya mayar da shi raminsa.

Malam ya ce, "Kai, me na ce maka?"

"Ka ce mai so, Yaya. Tana so."

Ashe furen rabawa yake so in ya cunkushe. Da damina ta kewayo, a gida tara ya buɗe, nata ya fi kowanne.

Nawa ma daga nata ne. Shekaranjiya ɗana Hashimu ya ce zai malala siminti a tsakar gida, furen ya tashi. Washegari da sassafe na tone shi, na raba wa mata bakwai, na tambayi kaina ko ina so. Na dasa nawa a ƙofar ɗakin Hashimu.