Batirin Mastura da Jaruman Marsa

Jiya na dawo gida abayata tana ƙarnin kifi, ƙuguna yana ciwo, alhali ko ƙaya ban tsotsa ba. Rakiya na yi wa maƙwabciyata Mastura zuwa marsa, can inda masunta suke ɗaure jiragensu. Kafin mu fita, jikata ta ce wai ana ta musu a waya: shin maza sun fi saurin taimakon mace idan na'urorin jirgin ruwa suka lalace? Na ce 'yar nan, ni da ko rimot ɗin esi sai an danna min, ina ni ina wannan musu? Ashe Allah ya rubuta a ranar zan ga amsar da idona.

Mastura mutuniyar Sudan ce, Bahaushiya, gidanmu ɗaya a unguwar Madain Fahd, ita a sama ni a ƙasa. Mijinta Yahya yana da ɗan jirgin kamun kifi, da shi suke ci, da shi yara suke makaranta. Kwanakin baya duk na'urorin jirgin suka ɗauke lokaci guda: mai nuna hanya, mai hango kifi, da lasilki, wato rediyon da ake kiran agaji da shi idan teku ta juya wa mutum baya. Yahya ya duba, ya gane batiri ne ya mutu. Ya cire shi, ya sayo sabo, wani ƙato mai hannu biyu, garin saka shi a but ɗin mota bayansa ya riƙe. Tun daga nan yake kwance, yana buga wa abokan sana'a waya. Wannan ya ce bukra inshallah, wato sai gobe. Wancan ya ce yana unguwar Bani Malik wajen surukai. Wani ya yi masa addu'a mai tsawo ya kashe waya.

To jiya ce ranar duba jirage. Dokar marsa ita ce, jirgin da lasilkinsa bai yi magana ba ranar dubawa, a kwance igiyarsa a ba wani gurbin. Masu jiran gurbi kuwa sun fi kifin da ke cikin tekun yawa. Saboda haka Mastura ta ɗauki makullin mota ta ce, “Khala Zubaidatu, zo ki raka ni. Namiji ɗaya kawai nake nema ya ɗaga min batirin nan zuwa cikin jirgi, sauran Yahya zai gaya min ta waya.”

Muka isa da hantsi. Ta tsaya bakin jirgin, ta yi wa wani mutum sallama, Turki sunansa, ɗaya daga cikin masu bukra inshallah. Ta ce, “Abu Rana, na'urorin jirginmu ne ba sa kamawa, dama…”

Ba ta kai ƙarshen maganar ba. “Abshiri ya ukhti, kwantar da hankalinki 'yar'uwa, an gama!” Ya yi tsalle ya faɗa jirgin kamar mai shekara ashirin, mutumin da shekaranjiya ya ce wa Yahya gwiwa ta hana shi sauka daga mota. Ya ƙwala kira, sai ga wani masunci, Abdulelah, da akwatin kayan aiki. Sai ga wasu, sai ga wasu. Masu gyaran raga suka yar da raga, mai sayar da ƙanƙara ya bar ƙanƙararsa tana narkewa. Jirgin Yahya ya karkata gefe guda saboda nauyin alheri.

“Fiyus ne,” in ji Turki.

“Fiyus ɗin gidanku,” in ji Abdulelah. “Gishiri ne ya ci waya, ni na san irin wannan jihaz ɗin tun kana rarrafe.”

“Yalla kwance shi mu gani.”

Mastura ta ɗaga murya kaɗan: “Ya jama'a, batirin yana cikin…”

“Ki huta ya Ummu Raghad, ki shiga inuwa. Wannan aikin maza ne.”

Kun san al'adarmu a nan. Wanda ya taso domin ya taimake ka ba a ce masa tsaya, balle mace ta ce wa dattijo ya sauka daga jirgin mijinta. Abin da ya rage mata shi ne ta buɗe fulas ɗin gahawar da ta zo da ita, ta fara zubawa. Tana miƙa finjali, tana kallon na'urar hango kifi tana fita daga mazauninta. Ta miƙa wani, lasilki ya bi bayanta. Wayoyi ja da baƙi suka zubo waje kamar an yanka akuya. Kowa ya zo sai ya kwance abin da na gabansa ya ɗaura, don kada a ce shi bai yi komai ba. Babu wanda ya sunkuya ya ɗaga murfin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ga ramin batiri wayam. Sunkuyawa ai ba ilimi ba ce.

Na ce wa wani mai faffaɗar kafaɗa, “Ɗana, zo ka ɗauko mana wani kaya a mota.” Ya ce, “Khala, bari mu gama da babbar matsalar tukuna.”

Ana cikin haka sai ga Mai Girma da kansa, Babban Mai Kula da Igiyoyin Ɗaure Jirage, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi. Mutanen marsa sun ce rabon da a ga ƙafarsa a kan katakon nan tun ranar da aka yi bikin buɗe famfon da har yau bai kawo ruwa ba. Labari ya kai masa cewa ga mace a marsa. Ashe akwai wani ƙyalle da aka buga tun bara, an rubuta Shirin Tallafa wa Matan Teku, yana naɗe a bayan kabad saboda an rasa macen da za a tallafa wa. Kun ga hangen nesa irin na manya: sun tanadi ƙyalle, sun tanadi mai hoto, macen ce kawai ta yi jinkiri.

Aka warware ƙyalle. Aka tsayar da Mastura a gefe, aka ce ni in matsa, wai fuskata ba ta nuna godiya. Aka miƙa wa Mai Girma sukundireba, ya riƙe ta kamar mai riƙe da alƙalamin zinariya, ya ɗora bakinta a kan lasilkin da ke kwance a cinyar Abdulelah. Hoto. Ya yi jawabi a kan darajar mata, ya ce a ƙarƙashin kulawarsa babu 'yar'uwar da za ta zo marsa ta koma da damuwa. Ya sanar cewa an gyara jirgin. Aka tafa. Har ni na tafa, don hannuna ya gaji da riƙe jaka.

Mastura dai ta san shi wannan mai jawabin shi ne mai dubawa. Ta matso a hankali ta ce, “Ranka ya daɗe, maganar lasilki…” Ya dube ta, ya dubi tulin wayoyi, ya dubi mai hoto da ya riga ya tura hoton ko'ina. Yaya mutum zai kayar da jirgin da ya gyara da hannunsa mai albarka? Ya ce, “Halas, jirginku ya ci dubawa. Mabruk.” Ya buga hatimi, ya koma cikin sanyinsa.

Da ladan ya kira azahar, jarumai suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana karkaɗe hannu yana cewa saura ɗan haɗawa kawai. Turki ya ce a gaida Yahya, a ce masa duk abin da yake buƙata ya kira shi.

To ga inda muke. Gurbi ya tsira, alhamdulillahi, ba a kwance igiya ba. Jirgi kuma a takarda lafiyarsa ƙalau, a ruwa ko fitila ba ya kunnawa, na'urorinsa uku suna cikin bokitin kifi. Yau da safe Yahya ya kira ofis neman mai gyara, aka ce masa shirin na mata ne. Mastura ta karɓi wayar, aka ce mata ai ita ta riga ta amfana, a bar wa wasu. Na kuma ji cewa masunta sun fara lallashin matansu su raka su marsa. Ni dai na ce wa matan, duk wadda za ta je ta fara kwance na'urorin da kanta ta ɓoye a gida.

Da jikata ta sake tambayata amsar musunsu, na ce mata ta rubuta: ƙwarai, maza sun fi saurin taimakon mace, saurin ma har ba ya barin su ji abin da ta zo nema.

Batirin kuwa yana nan a but ɗin farar motar da ke ƙofar gidanmu. Hannu biyu gare shi. Ba a ɗaukar hoto.