Yadda Ake Tayar da Mbegen da Ta Yi Barci

Taƙaitaccen bayani: bisa al'adar Kibosho, garinmu na gefen dutse, gidan da layi ya zo kansa shi ke dafa mbege, wato giyar ayaba, ranar yashe magudanar ruwa. Idan ta yi ƙarfi, dattawa su ba maigidan ranar ban ruwa mafi kyau; idan ta yi zaƙi, su ba shi ragowa. Bana layinka ne, gangarka kuma ta yi shiru. Bi matakan nan. A matsayina na tsohon akawun ƙungiyar manoman kofi, na lamunce maka nasara.

Mataki na ɗaya: Tabbatar da rasuwar.
Kara kunnenka a jikin ganga. Idan ba ka ji tsuwwa ba, ɗanɗana. Idan jikanka ya nemi ƙari, abin da ka dafa kunun ayaba ne.

Mataki na biyu: Nemo mai laifi.
Kada ka ambaci cewa ka wanke gangar da sabulu, har ka kashe abin da ke tayar da giya. Tsabta ba laifi ba ce. Ɗora wa sanyin dutse. Ba ya zuwa zaman sulhu.

Mataki na uku: Ɗumama ta.
Lulluɓe gangar da bargon matarka. Tawa, Aikande, cewa ta yi: "Baban Eliya, tun da ka aure ni ba ka taɓa tambaya ko ina jin sanyi ba." Yi mata alkawarin ruwan safe na ranar da za a ba ka, don kabejinta. Alkawari ba ya da nauyi a ranar da aka yi shi.

Mataki na huɗu: Ɗauki saniya aiki.
Bargo ba ya numfashi, saniya kuwa tana yi. Mirgina gangar zuwa garken maƙwabciyarka, ka jingina ta da cikin saniyar. Gwaggo Mankaa, wadda na yi hayar tata, ta ce: "Ɗana, wannan saniyar 'yar coci ce, ba ta taɓa kwana da mashayi ba. Me za ka ba ta?" Ba ta ruwan hantsi zuwa azahar.

Mataki na biyar: Roƙo iri.
Giya sai da uwa. Kana bukatar ludayi guda daga gindin gangar da ba a taɓa wankewa ba, irin wannan kuwa tana gidan mutumin da ba ku ga-maciji. Nawa Shirima ne, wanda muke shari'ar iyaka da shi. Ya dube ni ya ce: "Akawu, ashe boko bai koyar da kumfa ba?" Yi dariya, tana cikin farashi. Sauran farashin shi ne ruwan yamma.

Mataki na shida: Ƙara tsiron tamba, ka ja da baya.
Za ta yi gurnani, ta tunkuɗe marfi, saniyar ta daina ba da nono saboda fargaba. Duk alamun lafiya ne. Bar ta sai zaƙin ya ƙare ƙaf.

Mataki na bakwai: Karɓi sakamako.
Shugaban magudana, Dattijo Massawe, ya kurɓi tawa, ya runtse ido, hawaye ya zubo. Ya ce: "Wannan ba ta da tausayi ko kaɗan. Ku ba shi Litinin, daga safe har faɗuwar rana." Aka yi tafi. Mutum uku sun fi kowa tafawa.

Sanarwa: marubucin ya lamunce ƙarfin giya ne kawai. Ba shi da alhakin halin da gonarka, aurenka ko saniyar wani za su shiga.

Abin da aka kashe: ayaba nono shida, tamba kwano biyu, bargo ɗaya wanda saniya ta cinye gefensa, da nonon mako guda da na biya Gwaggo. Ruwan safe na Aikande, na rana na saniya, na yamma na Shirima. Ni kuma kowace Litinin nake buɗe musu magudana, domin ranar tawa ce.