Rasuwar Katin Hoton Zayyanu na Kalgo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa da suka rasa abin kamawa, Malam Zayyanu Rilwanu, mai haɗa bidiyon biki da suna a Kalgo, yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar katin hoton kwamfutarsa, wanda shi ne ke fito da duk abin da ido ke gani a allo.

Marigayin ya zo hannunsa ɗan gwanjo, amma bai taɓa nuna gajiya ba. Ya sha zafin bazara, ya jure wa wutar janareta. Shi ya fito da amaren Diggi fes, har da wadda aka ɗauka da magariba. In aiki ya yi nauyi, iyakar ƙorafinsa ita ce fankarsa ta ce fuuu, ya ci gaba.

Ajali ya same shi ranar da Zayyanu ya sabunta manhajar Linux, wadda jama'ar duniya ke haɗa hannu su gina kyauta. Da aka kunna, sai allo ya yi zane-zane kamar tabarma, daga nan ya yi baƙi ƙirin. Ashe direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin katin da kwamfuta, kamfanin da ya ƙera shi ya daina yin ta, ya kuma ƙi sakin sirrinta. 'Yan sa-kai sun yi lalube sun haɗa tasu. Da aka ba shi, ya buɗe ido, amma ko bidiyo ɗaya ya kasa ɗagawa. Zayyanu ya nemi komawa tsohuwar manhaja, kayan aikinsa suka ƙi zama a kanta. Ya kai kuka zauren masana a intanet, wani bawan Allah ya ba shi haƙuri, shi ke nan.

A bayan babur aka garzaya da shi Gwandu, wurin Abdulgani mai gyara. Ya juya shi, ya hure ƙura, ya ce, “Lahiyatai lau, ɗan'uwa. Masu jin halshenai sun ƙare.” Zayyanu ya tsaya riƙe da shi, ya rasa wanda zai kai ƙara.

Ya rasu ya bar allo cikin takaba, da linzamin kwamfuta maraya, da bidiyon walimar saukar karatun ɗaliban Malama Hafiza ta Kambaza, wanda ya tsaya a rabi, iyayen yara na ta aiko tambaya.

Ba za a yi masa wanka ba, don bai taɓa shiri da ruwa ba. Za a naɗe shi a leda, a sa shi a kwali, a ɗora bisa kanta ranar Alhamis bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a rumfar shagon. Ana roƙon 'yan gwangwan, don girman Allah, kada su halarta.